Tambayoyi da Amsoshi a Kan Dabarun Faɗa da Wasannin Kasada na Gargajiyar Indiya

Yawancin Hausawa sun san Indiya ne ta fina-finai, wasu kuma ta hanyar karatu ko neman magani. Duk lokacin da bidiyon wani saurayi mai wulwula takobi ko mai juyi a kan turke ya zagaya a wayoyin mutane, kusan tambayoyi iri ɗaya ne suke tasowa. An tattara su a nan, an fara da masu sauƙi kafin a shiga masu zurfi.

Shin Indiya tana da dabarun faɗa nata na gargajiya, kamar yadda Sin take da kunfu, Japan kuma take da karate?

Tana da su, kuma suna da yawa, domin kusan kowane yanki da irin nasa. A jihar Kerala da ke kudu maso yamma akwai kalaripayattu, wanda ya fi sauran suna a duniya. Maƙwabciyarta Tamil Nadu tana da silambam, wasan doguwar sandar gora. Mabiya addinin Sikh a Panjab suna da gatka, mutanen Manipur da ke iyaka da ƙasar Myanmar suna da thang-ta na takobi da mashi, Maharashtra kuma tana da mardani khel da mallakhamb. Ita kuwa kokawar ƙasa da ake kira kushti ta bazu a arewa da yammacin ƙasar, har cikin Pakistan.

Babu ɗaya daga cikinsu da ya tsaya a kan duka da kariya kawai. Kowanne yana da makarantarsa da malaminsa, da abincin da ɗalibi zai ci, da ladubban shiga fage, da bikin shekara da ake nuna shi a bainar jama'a. Wannan ne ya riƙe su da rai bayan bindiga ta kashe kasuwar takobi.

Yaya makarantar kalaripayattu take?

Makarantar, wadda ake kira kalari, a al'adar arewacin Kerala rami ne ake haƙawa mai zurfin kamar ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 42, faɗinsa ƙafa 21, a daɓe ƙasan da jar ƙasa, a rufa sama da ganyen kwakwa. Zurfin yana kare masu horo daga iska da zafin rana, ƙasar kuma tana da taushin da ba ya cin gwiwa. Ƙofa tana fuskantar gabas. A kusurwar kudu maso yamma akwai wani dandamali mai hawa bakwai da ake kira puttara, inda mabiya addinin Hindu suke ajiye fitila da furanni, kuma can ɗalibi yake fara fuskanta idan ya shigo (a duba amsar tambayar Musulmi a ƙasa).

Ɗalibi yana sauka cikin ramin da ƙafar dama, ya taɓa ƙasa da hannu, ya gai da malami, wanda ake kira gurukkal. Jikinsa a shafe yake da man riɗi, ba ya sanye da komai sai doguwar ɗamara da ya naɗe ƙugu da ita. Malamin ba ya ƙirga ɗaya biyu uku. Yana rera umarni ne da harshen Malayalam cikin kari mai sauri, yaran kuma suna tafiya a jere daga wannan bango zuwa wancan, kowa yana cilla ƙafa sama har ta kai tafin hannunsa da ya ɗaga bisa kai, su juya su dawo, zufa da mai suna ɗiga a jar ƙasa.

Da me ake fara koyo, kuma yaushe ake ba ɗalibi takobi?

A al'ada ana kai yaro yana ɗan shekara bakwai, tun gaɓoɓinsa ba su ƙage ba. Wani Bafotugale mai suna Duarte Barbosa, wanda ya zauna a gaɓar Malabar, wato bakin tekun Kerala, a farkon ƙarni na 16, ya rubuta cewa a wannan shekarun ne ake tura 'ya'yan jarumawan Nayar makarantar horo, ke nan tsarin ya haura shekara 500 yana tafiya. Matakai huɗu ne. Na farko horon jiki ne zalla: tsalle, da miƙa, da juyi, da tsayuwa iri-iri da aka kwaikwayo daga dabbobi kamar giwa da zaki da doki da maciji da zakara. Na biyu makaman itace, doguwar sanda da gajeriya da wata lanƙwasasshiya. Na uku makaman ƙarfe, wuƙa da takobi da garkuwa da mashi. Faɗa da hannu banza shi ne na ƙarshe, saɓanin yadda mai kallon karate zai zata.

Makamin da ya fi ɗaukar ido shi ne urumi, takobi mai laushi kamar bulala, wanda jarumi yake iya naɗe shi a ƙugu ya fita ba wanda ya sani. Idan aka wulwula shi yana tsare mai shi daga mutane da yawa a lokaci guda, amma hannu na yin sanyi zai dawo ya yanki mai riƙe da shi. Saboda haka ba a miƙa shi sai ga wanda ya shekara da shekaru a kalari, malami kuma ya gamsu da natsuwarsa.

Gaskiya ne kalaripayattu shi ne mafi tsufa a duniya, kuma daga gare shi kunfu ya samo asali?

Ana yawan faɗin haka, amma labarin baka ne. Almarar Kerala tana jingina wasan ga Parashurama, wani gwarzo na littattafan Hindu. Wata ruwayar kuma ta ce malamin addinin Buddha mai suna Bodhidharma ne ya tafi da shi Sin ya koya wa mazauna wurin ibada na Shaolin, alhali rubutun da ya fara danganta horon Shaolin da wannan malami ya fito ne a ƙarni na 17, sama da shekara dubu bayan zamaninsa. Masu binciken tarihi da dama suna ganin kalaripayattu ya ɗauki siffar da aka san shi da ita ne a wajejen ƙarni na 11 zuwa na 12, lokacin yaƙe-yaƙen daulolin Chera da Chola na kudancin Indiya. Wannan tsufa ya ishe shi, ba ya buƙatar ƙari.

Abin da tarihi ya tabbatar ma ya fi almarar ban sha'awa. A arewacin Kerala, idan rigima ta gagari sulhu tsakanin manyan gidaje biyu, kowane ɓangare yakan ɗauki hayar jarumi daga dangin Chekavar, a kafa dandamali a gaban jama'a, su biyun su gwabza, wanda gwaninsa ya yi nasara shi ne mai gaskiya. Ran mutum ɗaya ake sayarwa domin a kauce wa yaƙin da zai ci ɗaruruwa, kuma waƙoƙin baka na yankin cike suke da labarin waɗannan jarumai.

Me ya sa ake cewa malamin kalari likita ne?

Saboda wanda ya koyar da karya ƙashi dole ya iya ɗora shi. Tsohon ilimin likitancin Indiya ya lissafa wurare 107 a jikin ɗan Adam da ake kira marma, inda jijiya da tsoka da gaɓa suke haɗuwa, waɗanda bugu kaɗan a kansu zai iya sumar da mutum ko ya nakasa shi. Gurukkal yana sanin waɗannan wurare domin kai hari, yana kuma sanin su domin jinya. A ƙauyuka da yawa shi ne maɗori, wurinsa ake kai mai targaɗe da mai gocewar ƙashi da mai ciwon baya, ko da bai taɓa riƙe sanda ba.

Da damina, ɗalibai suna shan tausa ta musamman ta kwanaki a jere. Ɗalibi yana kwanciya a ƙasa an shafe shi da mai mai haɗin magunguna, malami ya riƙe igiyar da aka rataya daga rufi domin daidaita nauyinsa, ya riƙa murza shi da tafin ƙafa daga kafaɗa har diddige. Ilimin marma kuwa shi ne abin da malami yake ɓoyewa har ƙarshe, ba ya buɗe shi ga ɗalibin da ya ga yana da saurin fushi.

Ina bambancin kushti da kokawarmu?

Tushen ɗaya ne, ƙarfi da dabara a kan ƙasa, amma hukuncin kaye ya bambanta. A kokawar ƙasar Hausa, kamar wadda ake yi a gasar takobi ta Nijar tun 1975, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A kushti faɗuwa ba kaye ba ce, ana ci gaba da murzawa a ƙasa har sai an danne kafaɗun abokin karawa. Kushti ta samu ne a zamanin sarakunan Mughal, lokacin da kokawar Farisa ta gauraya da tsohuwar kokawar Indiya.

Babban bambancin yana cikin rayuwar ɗan kokawa. Ba ɗan noma ba ne da yake shiga fage da kaka, mutum ne da ya tare a gidan horo da ake kira akhara. Ƙasar fagen ana tankaɗe ta, a cuɗa ta da mai da kindirmo da gangamau, kullum da asuba a kafce ta da fartanya mai nauyi, a ja gungume a kai a baje ta, wannan aikin kansa horo ne. Sai ɗaruruwan tsugunne-tashi da dannawar ƙirji, da wulwula kulki mai kan dutse, da hawan igiya. Abincinsa madara ce da man shanu da niƙaƙƙen almon. An hana shi giya da taba da neman mata. Garin Kolhapur ya zama cibiyar wannan kokawa saboda sarkinsa Shahu Maharaj, wanda ya gina gidajen horo da babban filin Khasbag. Daga wannan yanki ne K. D. Jadhav ya fito ya ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, lamba ta farko da wani ɗan Indiya ya ci shi kaɗai bayan samun 'yanci.

Wane ne Gama da ake yawan ambata?

Sunansa Ghulam Muhammad Baksh, Musulmi ne, an haife shi a 1878, kuma an shaida cewa ya yi shekara kusan 50 yana kokawa ba a taɓa kayar da shi ba. A 1910 ya je Landan ya kara da zakaran Turai Stanislaus Zbyszko, wanda ya manne da ƙasa sama da awa biyu aka tashi ba kaye, da aka sa ranar sake karawa kuma bai zo ba. Sun sake haɗuwa a Patiala a 1928, Gama ya kayar da shi cikin ƙasa da minti ɗaya. A wancan lokaci na mulkin mallaka, wannan nasara ta wuce ta wasa a zukatan Indiyawa. Bayan raba Indiya da Pakistan a 1947 ya zauna a Pakistan, ya rasu a Lahore a 1960.

Mene ne wasan nan da yara suke juyi a kan turke?

Shi ne mallakhamb. Turken itace ne mai santsi, tsayinsa ya haura mita biyu da rabi, ana shafe shi da man zurma don kada ya ƙone fata. Asalinsa horon 'yan kokawa ne: turken yana tsayawa a madadin abokin karawa, a koyi kama shi da cinya da hamata da bayan gwiwa. Balambhatta Dada Deodhar, malamin horo a fadar Peshwa Bajirao na biyu, shugaban daular Maratha, shi ya raya shi a farkon ƙarni na 19. Akwai kuma na igiya, wanda 'yan mata suka fi yi. An nuna shi a Berlin lokacin gasar Olamfik ta 1936, jihar Madhya Pradesh ta ɗauke shi a matsayin wasanta a 2013, aka yi gasar duniya ta farko a Mumbai a 2019.

Gatka fa, wasa ne ko ibada?

Ga mabiya Sikh ba a raba su. Jagoransu na shida, Guru Hargobind, ya rataya takubba biyu, ɗaya na mulkin duniya ɗaya na addini, na goma kuma, Guru Gobind Singh, ya kafa rundunar Khalsa a 1699. Riƙe makami don kare wanda aka zalunta yana cikin aƙidarsu. A gatka ana amfani da sanda a madadin takobi, da ƙaramar garkuwar fata. Wanda yake son ganinsa a cikakkiyar siffarsa sai ya je bikin Hola Mohalla a Anandpur Sahib, wanda yake faɗowa a watan Maris, inda mayaƙan Nihang masu shuɗayen tufafi da manyan rawuna suke sukuwa da gwajin makamai.

In har suna da wannan daraja, me ya sa suka kusa ɓacewa?

Dalilai biyu ne suka haɗu. Bindiga ta rage darajar mai takobi a fadojin sarakuna, sannan Turawan Ingila suka bi yanki-yanki suna kwance wa mutane makamai. A Malabar hakan ya faru a farkon ƙarni na 19, lokacin tawayen wani basaraken yankin mai suna Pazhassi Raja, wanda ya rasa ransa a 1805. A Panjab ya biyo bayan cin ƙasar a 1849. Dokar makamai ta 1878 ta hana Indiyawa riƙe makami sai da lasisi, a Manipur kuma an hana thang-ta bayan yaƙin 1891.

Abin da ya cece su shi ne sun ɓuya cikin wasu al'adu. Malamin kalari ya ci gaba da jinya yana koyarwa a ɓoye, 'yan rawar kathakali, wasan kwaikwayon gargajiya na Kerala, suka riƙe horon jiki da tausar, takun takobi ya koma rawar biki. A shekarun 1920, lokacin da kishin ƙasa ya taso, aka farfaɗo da kalaripayattu daga garin Thalassery a hannun Kottakkal Kanaran Gurukkal da ɗalibinsa C. V. Narayanan Nair, wanda har yau akwai makarantu masu ɗauke da sunansa.

Mata suna shiga?

Suna shiga, kuma ba yau aka fara ba. Waƙoƙin bakan arewacin Kerala suna yabon Unniyarcha, jarumar da ta ƙware da urumi. A wannan zamani akwai Meenakshi Amma ta garin Vadakara, wadda ta fara horo tana 'yar shekara bakwai, ta riƙe makarantar mijinta bayan rasuwarsa, gwamnati kuma ta ba ta lambar girma ta Padma Shri a 2017 tana da shekara sama da 70, tana kan karawa da samari. Gidajen kushti ne suka daɗe a rufe ga mata, amma jihar Haryana ta sauya wannan, har Sakshi Malik ta ci tagulla a Olamfik ta 2016.

Musulmi zai iya koyo ba tare da ya taɓa aƙidarsa ba?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ya kamata a amsa ta ba ɓoye-ɓoye. A makarantu da yawa akwai abubuwan da suke ibada ce ta Hindu ƙarara: rusunawa ga puttara, kunna fitila ga abin bautar kalari, gunkin Hanuman, abin bautar 'yan kokawa na Hindu, a gefen fagen kushti. Musulmi ba zai yi waɗannan ba. Sai dai Musulmin Malabar da Kiristocinta sun daɗe da nasu malaman kalari, waɗanda suke koyarwa bisa tsarin addininsu, Musulmi kuma sun yi fice a kushti, kamar yadda labarin Gama ya nuna a sama. Mai niyya ya tambayi makarantar tun kafin ya biya kuɗi ko za a ɗauke masa gaisuwar ibada, ya kuma nemi shawarar malaminsa na addini a kan rusunawa da taɓa ƙafar malami, domin can ana ɗaukar su ladabi ne na wajibi.

Waɗanne ne wasannin kasada na gargajiya, kuma me ya sa jallikattu ya jawo rigima?

Jallikattu ne kan gaba. Ana yin sa a Tamil Nadu a watan Janairu lokacin bikin girbi na Pongal, musamman a Alanganallur da Palamedu da Avaniyapuram kusa da Madurai. Ana sako bijimi ta wata ƙuntatacciyar ƙofa zuwa cikin taron samari, wanda ya rungume tozonsa ya jure tazarar da aka ƙayyade shi ne ya ci, in kuwa bijimin ya watsar da kowa, kyautar ta mai shi ce. Wanda ya san hawan ƙaho na mahauta zai gane irin zuciyar da ake buƙata, sai dai a can babu igiya a jikin sa, kuma doka ta hana kama ƙaho.

Kotun Ƙolin Indiya ta haramta shi a 2014 saboda azabtar da dabbobi. A Janairun 2017 dubban mutane suka mamaye bakin tekun Marina a Chennai, har majalisar jihar ta gyara doka ta halatta shi da sharuɗɗa, a watan Mayun 2023 kuma alƙalai biyar na Kotun Ƙolin suka tabbatar da gyaran. Hujjar manoma tana da ƙarfi, cewa in babu wasan ba wanda zai ci gaba da kiwon bijiman gida irin su Kangayam da Pulikulam, tunda tarakta ta karɓe aikin gona. Amma hujjar masu suka ba ta faɗi ba: ana ji wa dabbobi ciwo, kuma kusan kowace shekara ana rasa rayuka, har da na 'yan kallo. Al'ada ba ta zama uzurin sakaci da shinge da likita a bakin fage.

Akwai waɗanda ba na bijimai ba?

Akwai tseren kwalekwale na Kerala, inda jirgi ɗaya siriri mai tsawon sama da ƙafa 100 yake ɗaukar matuƙa kusan 100, da mawaƙa a tsakiya suna ba su kari. Gasar kofin Nehru a tafkin Punnamada da ke Alappuzha ta samo asali daga 1952. Kowane jirgi na ƙauye ne, kuma mutuncin ƙauyen yana kansa. A gaɓar Karnataka ana tseren ɓauna biyu-biyu cikin fadamar shinkafa, shi ne kambala. A Maharashtra kuma samari suna hawa kafaɗun juna bene-bene don fasa tukunyar kindirmo da aka rataya sama.

Ɗaya daga cikinsu ya iso har gida. Ƙwallon doki na zamani daga Manipur Turawa suka kwaikwaye shi, suka kafa kulob a Silchar a 1859, daga nan ya bi su Ingila da ƙasashen da suka mallaka. Ta wannan hanya ya shigo Nijeriya, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwaninsa.

Mayar da su gasar lambobi alheri ne ko asara?

Duka biyun. A ƙarshen 2020 ma'aikatar wasanni ta Indiya ta sa gatka da kalaripayattu da thang-ta da mallakhamb cikin gasar matasa ta Khelo India, wannan kuma ya kawo tallafin karatu da albashin masu horarwa, ya sa iyaye sun daina ganin abin a matsayin ɓata lokaci. Ba ƙaramin ci gaba ba ne. Amma alƙalin gasa yana ba da maki ne ga abin da ido yake gani cikin 'yan mintuna, tsalle mai tsawo da juyi mai ƙayatarwa. Ba shi da ma'aunin jinya, ko na dogon haƙuri kafin a taɓa sanda. Haka 'yan kushti suke barin ƙasa suna komawa katifa domin can lambar Olamfik da aikin gwamnati suke. Makarantar da ta ci kofi amma malaminta bai iya ɗori ba ta rasa rabin gadonta.

Wanda ya je Indiya karatu ko jinya, ina zai gani da idonsa?

A Kerala, garuruwan Kozhikode da Thiruvananthapuram suna da tsofaffin makarantun kalari da suke barin baƙo ya zauna a gefe ya kalli horon asuba, Kochi da Thekkady kuma suna da nunin yamma na masu yawon buɗe ido, wanda ya fi ƙayatarwa amma bai kai na asuba nuna gaskiyar aikin ba. Mai zama a Mumbai zai sami mallakhamb a filin Shivaji Park, mai zama a Delhi ko Pune ko Varanasi zai sami gidajen kushti. Tseren kwalekwale ya fi kamawa daga Agusta zuwa Satumba, kambala daga Nuwamba zuwa Maris. Ana cire takalmi kafin a shiga kalari ko akhara, ba a taka ƙasar fage sai da izini, kuma a tambayi malami kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto. Mai jinya ko wanda aka yi wa tiyata kada ya yarda a yi masa tausar ƙafa sai likitansa ya amince.